Na Ɗora wa Ƙarfe Laifin Yatsuna

Zuwa ga Baba Ɗankande,

Assalamu alaikum. Baba, don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke cikina ya kai wata bakwai ban faɗa wa kowa ba, har matar da muke ɗaki ɗaya. Sau uku ina fara wannan takarda ina yagawa. Idan ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, dalilin yana cikin abin da zan gaya maka. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne.

Ni makaɗi ne. Ogan nake kaɗawa, irin na lantarki mai madannai farare da baƙaƙe. A unguwar Tishigu, nan Tamale, aka haife ni, amma shekara tara na yi a Legas ina bin wata ƙungiyar kiɗa otal-otal. A can na samu na sayi ogan biyu, babba mai nauyi da ƙarami mai yin muryar sarewa. Ɗaya bisa ɗaya ake ɗora su, a kan wani ƙarfe mai hawa biyu da muke kira sitan. Da aka kore mu, mu baƙi, daga ƙasar a farkon tamanin da uku, direban lori ya ce ba zai ɗauki mutum da kaya uku ba. Na naɗe ogan biyun a bargo na rungume su har gida. Sitan ɗin kuwa na jingine shi da bangon tasha, ina kallonsa har muka sha kwana.

Ka san yadda muka tarar da gida a shekarar nan. Fari, gobarar daji ta cinye gonaki, mutum ya wuni a layi don mudun masara ya dawo hannu wofi, ga dokar hana fita ta kashe duk wani wasa. Wata biyar ogan suna ƙarƙashin gado. Daga baya wani mawaƙi mai suna Muniru ya haɗa mu mu biyar, muka fara bin bikin aure da suna da rana, daga azahar zuwa gabanin magariba, da ɗan janaretan da yake arowa. Sau da yawa ladanmu tuwo ne da za mu ci mu ƙoshi, da ɗan abin da mata suka liƙa. Amma dai kiɗa ne, kuma shi kaɗai na iya a duniya.

Da farko a kan benci nake ajiye babban, ƙaramin kuma a kan akwatin katako a gefe, ina juyi kamar mai tuyar ƙosai a kasko biyu. Yayan matata Salimatu, wato Yaya Iddrisu, mai walda ne a bayan kasuwa. Ya zo wani suna ya gan ni a haka. Washegari ya zo gida ya ce in zana masa irin wanda na bari a Legas. Na zana masa a ƙasa da tsinke. A lokacin babu ƙarfe a garin nan, sandar walda ma sai ta hannun 'yan kalabule masu cinikin bayan fage, wuta kuma sai ta ga dama. Baba, gadon ƙarfen da shi da matarsa suke kwana a kai ya kwance ya yanka bututunsa. Suka koma katifa a ƙasa. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana jiran wuta yana haɗawa kaɗan-kaɗan, ya shafe shi da ragowar shuɗin fenti na wata ƙofa, ya ɗauro a bayan keke ya kawo mini. Na zaro ɗan abin da nake da shi, ya ce in mayar aljihu kada in zage shi. Tun daga ranar, duk bikin da ba shi da aiki sai ya biyo mu, sifana a aljihu, ko da wani noti zai saki.

Ni na ce ya yi shi dogo. A Legas a tsaye nake kiɗa, ogan na sama yana kusan daidai ƙirjina, don mutane su riƙa hango hannuna. Haka ya yi, kuma shekara ɗaya da rabi ban taɓa samun abin cewa ba.

Gab da azumin bana abin ya fara. Ƙaramin yatsana na hannun dama da na kusa da shi suka riƙa yin kamar kiyashi na tafiya a ciki. Na ɗauka gajiya ce. Sai ya zama idan na daɗe hannuna a ogan na sama, yatsun biyu su mutu, in danna ban san na danna ba, ko in ɗauka na danna alhali ban taɓa ba. Ran da na fara kuskure a bainar jama'a, Muniru ya waiwayo ya dube ni, bakina ya riga hankalina, na ce sitan ne ke rawa. Yaya Iddrisu ya durƙusa nan take ya ɗaure notuna. Bikin gaba na ce ya yi tsawo. Ya ɗauka ya je ya huda sababbin ramuka ya sauke. Na ce ya yi ƙasa. Ya mayar. Na ce hawan sama ya yi nisa, na ce ya yi kusa, na ce ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Kowane lokaci sai ya ɗaura a keke ya tafi ya dawo. Jiya na ƙirga, rami goma sha ɗaya a kowane bututu, ya zama kamar sarewa. Sau ɗaya bai taɓa ce mini ƙarya nake ba. Abin da kawai ya taɓa faɗa shi ne, tunda shi bai san kiɗa ba, abin da na ce shi ne daidai.

Wata biyu da suka wuce muka yi bikin 'yar wani babban ɗan kasuwa a Kalpohin. Taro ne irin wanda muka daɗe ba mu gani ba, har da raguna biyu. Bayan la'asar aka fito da amarya, kuma a daidai nan kowa ke yin shiru a bar ni ni kaɗai da ƙaramin ogan. Na ɗora hannu, yatsun nan suka ƙi. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Wasu mata suka yi dariya, uwar amarya ta juyo tana kallona. Baba, sai na sa ƙafa na shuri sitan ɗin, na ce, kuma bakina yana kusa da lasifika: "Aikin banza! Wanda bai iya walda ba ya koma gona mana." Yaya Iddrisu yana tsaye taku biyar daga wurina, ya riga ya zaro sifana. Duk wanda ke wurin ya san shi ya ƙera. Ya mayar da sifanar aljihu, ya tsaya har aka tashi, ya taya mu loda kaya kamar kullum.

Washegari ya zo ya ɗauki sitan ɗin, ya ƙara masa ƙarfe a gicciye ta baya, ya dawo da shi ya ba Salimatu a ƙofar gida. Bai shigo ba. Tun ranar bai sake bin mu biki ba. Idan mun haɗu a masallaci yana ba ni hannu, yana amsa gaisuwa, shi ke nan. Na ji labarin wata Hajiya da ta ba shi aikin ƙofar gida da tagogi ta aika an kwashe ƙarfenta an kai wa wani, ta ce ba za ta ba wanda aka yi wa tsiya a lasifika aiki ba. Wani mai amalanke ma haka. A wannan zamani da aiki ɗaya ke ciyar da gida wata guda, kuma 'ya'yansa shida.

Salimatu ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Makon jiya ina alwala buta ta suɓuce daga hannuna, karo na uku ke nan a gabanta. Ta ɗauka ta sake cika mini, ta ajiye, ta ce a hankali: "Butar ma Yaya ne ya ƙera ta?" Ban iya ɗaga kai ba. Ita ke ɓalle mini maɓallin riga yanzu, ba ta tambaya, ni ma ba na bayani.

Ga abin da ya hana ni zuwa asibiti. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, da aka yi wa bukka shi kaɗai a bayan Gumani muna yara. A ƙofa ake ajiye masa abinci. Mahaifiyata ta ce da mutuwar yatsa nasa ya fara. Kuturta, Baba. Na rubuta kalmar, yau ne karo na farko. Ban ga wani tabo a jikina ba, kullum ina dubawa a banɗaki, amma kwanan baya garwashi ya taɓa gefen hannun ban ji ba sai da na ga wurin ya tashi. Idan ita ce, wa zai gayyaci kuturu bikin 'yarsa? Wa zai ci abinci kwano ɗaya da ni? 'Ya'yana uku, babbar mace ce.

Yanzu kuma ga inda aka kai ni bango. Muniru ya yarda da maganata ɗari bisa ɗari. Ya ce ba zai bari ƙarfen gado ya kashe mana suna ba, ga kaka ta yi, bukukuwa za su yi yawa. Ya binciko sitan biyu na kanti. Ɗaya a Kumasi wurin wata ƙungiya da ta watse, mai ƙafa kamar almakashi, ana naɗe shi, hawan sama kuma ɗaura masa ake yi. Ɗayan mai ƙafa huɗu ne kamar tebur, mai nauyi, yana wurin wani mutum a Bolga. Ya ce in zaɓa kafin ƙarshen wata, shi zai je da kansa. Kowa a ƙungiya murna yake yi, ni kuwa ko barci ba na iyawa, domin ranar da sabon sitan ya zo na yi kuskure a kansa, ba ni da sauran abin da zan nuna. Ogan nawa ne, amma na san Muniru zai nemo wani ya zauna a kansu, ni in koma mai ba da haya.

Wani lokaci ina gaya wa kaina wataƙila da gaske tsawon ne ya jawo, tunda idan na yi kwana uku ban yi kiɗa ba yatsun suna ɗan dawowa. Wani lokaci kuma in ce ƙarya nake ƙara yi wa kaina. Baba, wanne zan zaɓa cikin sitan biyun, ko akwai yadda ake daidaita shi hannu ya huta? Kuma da wane ido zan dubi Yaya Iddrisu? Na rasa ta inda zan fara.

Naka cikin damuwa,
Mai Ogan Biyu, Tamale.

*

Ɗana Mai Ogan,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka sau biyu, kuma ban ji daɗin abin da ka yi ba, amma na ji tausayinka. Tsoro ne ya sa ka, ba mugunta ba. Sai dai wanda aka kwashe wa aiki bai san bambancin ba, yunwar gidansa ɗaya ce.

Ka ce ka sauya sunaye. Mutum nawa ne a Tamale ke ɗora ogan biyu a kan shuɗin ƙarfe? Duk wanda ya halarci bikin Kalpohin zai gane ka. Ina jin ka san haka tun kafin ka liƙe ambulan, kuma ina ganin zuciyarka ce ta gaji da ɓoyo. To, kada ka bari Iddrisu ya ji gaskiya daga bakin mai karanta masa jarida. Ka riga jaridar zuwa wurinsa.

Bari in fara da hannun, don shi ne ba ya jira. Ni ba likita ba ne. Amma shekara ashirin da biyu na yi ina buga tafireta a ofis, kuma akwai lokacin da waɗannan yatsu biyu nawa suka mutu. Da aka duba, jijiya ce ta matse a gwiwar hannu saboda teburina ya yi mini tsawo. Aka rage ƙafar tebur, na huta, suka dawo. Naka yana iya zama haka, musamman da ka ce hutu yana sa su farfaɗo. Yana iya zama daga wuya, ko ciwon suga, kuma ba zan ɓoye maka ba, yana iya zama abin da kake tsoro. Ƙunar da ba ka ji ba ita ce ta fi damuna. Idan kuturta ce, ka sani zamanin kawunka ya wuce. Akwai magani yanzu, ana sha mutum yana gidansa cikin iyalinsa, kuma ana warkewa. Abin da ke cinye yatsa shi ne jinkiri. Ka riga ka ba ciwon wata bakwai kyauta, kada ka ƙara masa mako. Ka je asibiti, ka tafi da Salimatu, ka faɗi komai har zancen kawunka. Matar da ke ɓalle maka riga ba tare da tambaya ba ta daɗe da sani, jira take ka buɗe baki. Kafin nan ka nisanci wuta da ruwan zafi da wannan hannu.

Sai Iddrisu. A gaban jama'a ka ɓata shi, saboda haka ba haƙurin cikin ɗaki kaɗai zai wadatar ba. Ka fara zuwa gidansa, ba shagonsa ba, ka gaya masa tun daga ramin farko ƙarya ce. Matarsa ma ta ji, gadonta ne. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa wurin Hajiyar nan da mai amalanke ka ce laifin hannunka ne, aikin mutumin ba shi da aibu. A biki na gaba kuma, kafin ka taɓa ogan, ka faɗa a lasifikar da ka zage shi. Ba sai ka ambaci sunan ciwo ba. Ka ce hannunka ne ba lafiya, ka yi masa ƙazafi, ka janye. Ba na maka alkawarin zai sake maka fuska nan da nan. Mai haƙuri irinsa idan ya ja baya yakan daɗe, kuma yana da haƙƙin hakan.

Muniru ma kana zaluntarsa ba ka sani ba. Zai shiga lori zuwa Kumasi ko Bolga a wannan tsadar don maganin ciwon da ba ya jikin ƙarfe, ga kuma abincin mutum huɗu a hannunsa. Gaya masa kafin ya tafi. Tsoronka na a zaunar da wani a kan oganka ba na banza ba ne, yana iya faruwa na ɗan lokaci. Amma makaɗin da ya ce a rage masa wata waƙa har ya warke ya fi saurin dawowa wurinsa fiye da wanda aka kama.

Game da sitan, na je na tambayi wani tsohon makaɗi da na sani, ga abin da muka tsayar. Mai ƙafar almakashi yana da sauƙin ɗauka, amma don daɓen siminti aka yi shi. A kan rairayin tsakar gida, da ogan biyu a kansa, zai yi rawar gaske irin wadda ka ƙaga wa na Iddrisu, kuma idan ka zauna gwiwarka za ta riƙa karo da gicciyen. Mai ƙafa huɗu ya fi tsayuwa kuma ana iya zama a gabansa, sai dai nauyi, ku kuma da keke da amalanke kuke yawo. Idan dole sai ɗaya, ɗauki na Bolga. Amma ni ban ga dole ba. Ƙarfen da ya ɗauki ogan biyu shekara biyu, ya sha huji ashirin da biyu da shuri bai faɗi ba, ƙarfen kirki ne. Bututu biyu na tsaye kawai za a sauya, don ramukan sun raunana su, kuma wannan karon kai za ka nemo ƙarfen.

Kuskuren yana cikin zanenka na farko. Ka daina kiɗa don a hango hannunka. Nemi kujera marar hannu ka zauna. Babban ogan ya kasance a ƙasa, daidai inda idan ka sake kafaɗa ka lanƙwasa gwiwar hannu, hannunka zai kwanta a kan madannai a miƙe, wuyan hannu bai karye sama ko ƙasa ba. Ƙaramin ya hau sama da kamar taƙi ɗaya, a ɗan ja shi baya, a karkato fuskarsa wajenka, yadda za ka kai gare shi ba tare da ɗaga kafaɗa ba. A naɗa robar tsohon tif a inda ogan ke zama don kada ya zame, a kuma riƙa sa faffaɗan katako a ƙarƙashin ƙafafu idan ƙasar wurin mai taushi ce. Idan an samu daidai, a yi alama da fenti, kada a sake taɓawa. Waƙar da za ta daɗe da kai a ogan na sama, ka sauko da ita ƙasa, ko ka ba hannun hagu rabin aikin. Wannan gyara zai sauƙaƙa maka, amma ba zai maye gurbin likita ba.

Awon nan kuma sai kana zaune a gaban mai walda, yana kallon kafaɗarka da gwiwar hannunka. Idan Iddrisu ya yarda ya yi, ka gode wa Allah. Idan ya ce ka kai wa wani, ka kai ba tare da ƙorafi ba, ka ci gaba da gaishe shi.

Ban san abin da likita zai ce ba, ban kuma san ko yatsun za su dawo kamar da ba. Wannan yana hannun Allah. Abin da ke hannunka shi ne gobe da safe: ka karya kumallo, ka ce wa matarka ta ɗauko mayafinta, ku biya gidan yayanta kafin ya fita aiki, daga can ku wuce asibiti.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zuciyar wanda ka ɓata wa, ya kawo mana sauƙin wannan zamani.

Naka,
Baba Ɗankande.